Furen Lallen Inna

 

Duk wadda ta taɓa shiga ɗakina ta san akwai wani ɗan firam rataye a saman gadona, a cikinsa wasu 'yan mitsi-mitsin furanni ne da suka bushe suka koma ruwan ƙasa. Ba su da wani kyan a zo a gani. Waɗanda ke bangon falo sun fi su kyau nesa ba kusa ba, ga ja, ga rawaya, ga ruwan hoda, duk kuwa da hannuna na busar da su na jera. Sau da yawa ƙawaye kan ce da ni, "Ke kuwa duk furannin da ke hannunki ki rasa abin ratayawa a kanki sai wannan busasshiyar ciyawa?" Nakan yi murmushi kawai in kawo wata maganar. To yau dai na ga ya kamata in ba da amsa ko Allah zai sa wata ta amfana, don ta dalilin wannan ciyawar da suke rainawa na koyi sana'ar da nake rufa wa kaina asiri da ita, ta dalilinta kuma na kusa raba gidan ubana gida biyu.

Innarmu, Allah Ya jiƙanta Ya kai haske kabarinta, tana da bishiyar lalle a kusurwar tsakar gida, gefen randa, daidai inda take tsugunawa ta yi alwala. Da yake sau biyar a rana yake shan ruwan alwalar nan, lallen ya yi tsawo har ya leƙa bayan katanga, kuma ba ya jimawa bai yi fure ba. Da yawanku ganyen lalle kawai kuka sani, wanda ake dakawa a kwaɓa a ƙunsa a ƙafa, amma wadda ba ta taɓa shaƙar furensa ba an bar ta a baya. 'Yan ƙanana ne farare-farare, suna fitowa curi-curi a kan reshe, idan magariba ta yi iska ta kaɗa sai gida duk ya ɗauki ƙamshi. Inna takan tsinki curi ɗaya ta soke a gefen ɗankwalinta, wani kuma ta jefa cikin adudun kayanta. Shi ya sa ni dai tun ina ƙarama ban san bambancin ƙamshin furen lalle da ƙamshin jikin Inna ba.

Ina aji huɗu a makarantar kwana, muna gida hutun ƙarshen shekara cikin watan Agusta, Inna ta kwanta. Kwana tara ta yi, ranar na goma Allah Ya karɓi abinSa. Ba sai na tsaya faɗa muku yadda na ji ba, wadda ta rasa uwa ta sani, wadda ba ta rasa ba Allah Ya bar mata tata. Bayan an yi addu'ar bakwai 'yan zaman makoki suka watse, gida ya yi tsit, sai na ga kullum Anti, amaryar Baba, ita ce a madafa, ita ce a gaban randa, ita ke raba tuwo a kwanukan Inna. Ba abin da ta yi mini wallahi, amma ko muryarta ba na ƙaunar ji.

Ana gobe zan koma makaranta aka wuni ana ruwa. Da ya ɗauke da yamma sai na lallaɓa gindin lallen, na tsinko furen nan cike da tafin hannuwana biyu yana ɗigar ruwa, na ɗura shi a leda na ƙulle tamau, na saka a gwangwanin madara na danne murfi, sannan na tura shi can ƙasan akwatina na ƙarfe. A tunanina na yarinta, idan na toshe ko'ina ƙamshin ba zai sami hanyar fita ba, duk ranar da kewar Inna ta dame ni sai in buɗe in shaƙa.

Mako uku na daure ban taɓa shi ba, ina tattalinsa kamar mai ajiyar zinariya. Wata Asabar da daddare kewa ta taso mini, na jira 'yan ɗakinmu suka fita, na raɓe bayan gado na ɓalle murfin. Ke dai bari 'yar uwa! Wani irin wari ne ya buge ni. Furen ya narke ya zama baƙin ruwa mai yauƙi, fumfuna ta lulluɓe shi da farin gashi. Na zauna daɓas a ƙasa na dinga kuka kamar ranar aka yi rasuwar, gani nake yi na sake rasa Inna karo na biyu, wannan karon kuma da hannuna.

Kukan nan ne ya kai ni gaban malamarmu ta Bayoloji, wadda ita ce mai kula da ɗakin kwananmu. Na zaci dariya za ta yi mini ko ta yi faɗa, sai ta karɓi gwangwanin ta leƙa, ta ajiye, ta zaunar da ni kusa da ita ta ce, "'Yata, ba ki yi laifi ba, rashin sani ne. Fure yawancin jikinsa ruwa ne. Kin rufe shi da ruwan jikinsa, ga ruwan sama, ga ɗumin akwati, kin ga kuwa kin shirya wa fumfuna gara. Abin da ake so ya daɗe ba a rufe shi da ɗanyensa, sai an bar shi ya sha iska tukuna." Ta tambaye ni yadda Inna ke shanya ganyen kuka da na lalle, na ce a inuwa take bazawa, don ta ce rana tana koɗar da shi. Ta ce, "To kin gani, ashe ma Innarki ta riga ni koya miki."

Daga nan ta buɗe mini ido a kan abin da nake gani kullum ban lura ba. Zoɓon da muke jiƙawa mu sha, kwanson furen yakuwa ne aka busar, wanda ake nomawa da yawa a Jigawa da Kano da Katsina, har a yi lodinsa zuwa ƙasar Mekziko inda su ma suke shansa kamar mu. Kanumfarin da muke sakawa a kunu da shayi, tohon fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba aka shanya, daga Zanzibar da Indunusiya ake kawo shi. Wardin da 'yan koli ke sayarwa ana haɗa turare da shi, shi ma busasshen fure ne. Wato dai mu mata mun daɗe muna mu'amala da busasshen fure a madafa da ɗaka, adon bango ne kawai ba mu saba yi da shi ba.

Allah cikin ikonSa, a zangon karatun nan ne Malama ta ba mu aikin tara tsirrai guda 10, mu danne su su bushe, mu liƙa a takarda, mu rubuta sunan kowanne da Hausa da kuma sunansa na kimiyya. Ta gaya mana wani malamin tsirrai na ƙasar Italiya mai suna Luca Ghini ne ake danganta wa fara wannan hanya cikin shekarun 1540, kuma a lambun Kew da ke Landan akwai irin waɗannan takardu wajen miliyan 7 a ajiye. Abin da ya fi burge mu shi ne labarin wani likita Bature, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya yana bin daji yana tara tsirrai yana tambayar sunayensu, har ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Ta kuma ce da aka gano kabarin wani sarkin Masar na zamanin da mai suna Tutankamun a 1922, an tarar da furannin da aka yi masa ado da su suna nan a bushe, bayan shekara fiye da 3,000. Ni dai ina zaune ina lissafi a zuci, nasu ya yi shekara dubu uku, nawa ya kasa mako uku.

Sauran 'yan aji don maki suka yi aikin, ni kuwa da wata manufa na yi shi. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga Yayana, a ƙarshenta ya rubuta cewa Baba ya ce da rani za a gina masa ɗaki a kusurwar nan ta wajen randa, za a sare lallen. Daren ranar ban runtsa ba. Na san dama ɗaya ta rage mini, ita ce hutun Disamba, in kuwa na je na tarar bishiyar ta bushe don rashin mai alwala a gindinta, shi ke nan.

Ina sauka gida ko akwati ban shigar ba na nufi kusurwar. Ga mamakina lallen yana nan kore shar, ƙasan gindinsa da danshi, ga curin fure har guda huɗu. Ban tsaya tambayar kaina wa ke ba shi ruwa ba. Na karɓi makullin ɗakin Inna wajen Baba na ce zan dinga sharewa, na mai da shi wurin aikina, don ɗakin yana da duhu, tagarsa kuma tana shigo da iska. Curi biyu na ɗaure na rataye su kai ƙasa a jikin azara. Biyu na shimfiɗa tsakanin jaridu na ɗora katako na danne da bulo. Na roƙi bogenbiliya a gidan maƙwabta, na sayo wardi guda uku da kuɗin motata wajen masu sayar da fulawa a bakin titi, na binne su a ƙwarya cike da yashi. Kowanne na liƙa masa 'yar takarda da sunansa na kimiyya kamar yadda Malama ta koya mana. Kullum da hantsi in shiga in rufo ƙofa, in fito in kulle, ba na ce wa kowa komai.

To ku dubi abin da idon wani, don Allah. Yarinya ba ta gaishe ki sai da ƙyar, uwarta ta rasu wata huɗu, tana shiga ɗakin mamaciya ita kaɗai ta rufe. Ga abubuwa a rataye kai ƙasa cikin duhu, ga wani abu binne a ƙwarya, ga rubutun da ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Ke kuma ga ki da tsohon ciki. Wata rana na manta makulli a jikin ƙofa, Anti ta leƙa. Sai salati na ji da faɗuwar kwano.

Bayan sallar isha Baba ya aiko kirana. Na tarar da shi zaune a ɗakin Inna da fitila, Anti tana tsaye bakin ƙofa tana sharar hawaye, tana cewa, "Malam, ni gidanmu zan tafi. Ban kashe mata uwa ba, ban san me na tare mata ba da za ta yi mini asiri da abin da ke cikina." Baba mutum ne mai sanyi, amma ranar ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah, wa ya ba ki wannan? Me kika binne a nan?" Bakina ya yi nauyi, na kasa cewa komai sai rawar jiki. Ya ce, "Tone shi ina gani."

Na durƙusa na karkata ƙwaryar a hankali, yashi yana zuba a tabarma, sai ga kan wardi ya ɓullo, a buɗe kamar yau aka tsinko shi, jansa ne kawai ya ƙara duhu. Na zaro na biyu, na zaro na uku. Ɗaki ya yi tsit. Na ɗauke bulo na ɗaga katakon, na buɗe jarida, ga furen lalle kwance ya bushe ƙarau, sai ƙamshin nan ya taso a hankali. Na ce, "Baba, na ji an ce za a sare lallen Inna ne." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Baba ya ɗauki curi ɗaya ya kai hancinsa, ya daɗe a haka, sannan ya ajiye ya miƙe ya fita bai ce uffan ba. Tun ranar jana'iza ban ga hawayensa ba sai daren nan.

Aka bar ni daga ni sai Anti. Ta matso ta tsuguna da ƙyar saboda nauyin ciki, ta dubi furen ta dube ni, ta ce, "Ashe abin da kike yi ke nan? Me ya hana ki gaya mini? Ai ni nake ba shi ruwa tun da Yaya ta rasu. Na kasa ganinsa yana yaushi." 'Yan uwa, kunyar da na ji a daren nan har yau ban manta ta ba. Furen da nake ɓoye mata, ashe ba don ita ba da ban same shi ba. Muka haɗa kai muka yi kukan da ya kamata mu yi tare tun watan Agusta.

Ɗakin Yaya dai an gina shi, lallen kuma an sare shi. Amma kafin a sare, ni da Anti muka yanki rassa guda biyar muka dasa a bayan madafa, don lalle yana kamawa daga reshe idan ya sami ruwa. Biyu suka kama. Da su aka yi wa ƙanwata ƙunshi ranar bikinta, ita ce wadda ke cikin Anti a daren nan.

Yanzu bari in koya muku aikin, don kada wata ta yi irin wautar da na yi. Abu na farko shi ne lokacin tsinka. Ki tsinki fure da hantsi, bayan raɓa ta bushe kafin rana ta yi zafi, kada ki tsinka bayan ruwan sama. Ki zaɓi wanda ya fara buɗewa, don wanda ya gama buɗewa zubewa yake yi idan ya bushe. Lokacin da ya fi dacewa a ƙasarmu shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, saboda iskar ba ta da danshi. Da damina ma ana yi, sai dai yana ɗaukar lokaci, fumfuna kuma tana kusa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ratayawa. Ki zage ganyen ƙasa, ki haɗa kara 5 ko 6, ki ɗaure da roba maimakon zare, don karan yana motsewa idan ya bushe sai zaren ya saki. Ki rataye kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska, saboda in kan yana sama wuyan furen lanƙwashewa yake yi. Mako 2 zuwa 3 ya isa. In kina so ki gane ya bushe, ki karya ƙarshen karan, in ya yi ƙas to ya yi, in ya lanƙwasa ki ƙara masa kwanaki. Wardi da furen lalle da 'yar zangarniyar gero ko dawa duk suna yin kyau ta wannan hanya.

Hanya ta biyu ita ce dannewa, ita ce ta katin gaisuwa da firam. Ta fi dacewa da furanni marasa kauri, irin su furen zogale, da furen marga mai rawaya, da ganyen darbejiya, da bogenbiliya. Ita bogenbiliyar nan da ke leƙowa ta kan katangu asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma abin nan mai launi da muke ce wa furenta ganye ne, ainihin furen shi ne ɗan farin da ke tsakiya, shi ya sa take saurin bushewa kamar takarda. Ki shimfiɗa furen tsakanin farar takarda biyu, kada wani ya hau kan wani, ki sa jaridu sama da ƙasa, sai kwali, sai katako, sai bulo biyu. Farar takardar ita ke hana tawadar jarida ɓata furen. A makon farko ki dinga canja jaridun duk bayan kwana biyu, don su ke tsotse ruwan, amma kada ki ɓanɓare furen daga farar takardar. Daga nan ki ƙyale shi ya cika mako 3. Na san 'yan makaranta da son cusa fure a littafin karatu, to danshinsa yana ɓata shafi ya bar tabo, balle kuma Alƙur'ani, kada ma ki fara.

Hanya ta uku ita ce ta yashi, wadda ta kusa jawo mini abin kunya. Ita ce ke barin fure da surarsa, ba a miƙe ba, ba a danne ba. Ki wanke yashi mai laushi, ki shanya shi ya bushe sarai, ki tankaɗe da rariya. Ki zuba kamar kaurin yatsu biyu a ƙwarya ko kwali, ki zaunar da furen fuskarsa sama, ki dinga barbaɗa yashin ta gefe a hankali har ya shige tsakanin ganyayyakinsa ya rufe shi. Kada ki sa murfi. Bayan mako 2 zuwa 3 ki karkata ki zubar da yashin sannu-sannu, kada ki sa hannu ki fizgo. Akwai kuma 'yan ƙulle-ƙullen nan na ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, sunansu silika, aikinsu tsotse danshi. In kin tara da yawa suna busar da fure cikin kamar mako ɗaya, launinsa ma ya fi fita. Da su kaɗai ake rufe mazubi ruf, don kada su sha danshin iska su ƙoshi. Ki yi nesa da su daga hannun yara.

Kada ki sa rai furen zai zauna yadda yake a bishiya. Rawaya da ruwan lemo sun fi riƙe launi, ja yana ƙara duhu, fari kuwa yakan koma ruwan ƙasa, kamar dai na saman gadona. Fure mai kauri da ruwa-ruwa yakan ruɓe kafin ya bushe, kada ki wahalar da kanki a kansa. Idan kin zo jerawa, ki ɗauka da matsefata don yatsa yana murƙushe shi, ki ɗiga farin gam da tsinken sakace, kaɗan ya isa. Ki rufe da gilashi, ki rataye inda rana ba ta dukansa. Wanda ba ki yi amfani da shi ba ki ajiye a kwali da ɗan kafur saboda ƙwari, ban da leda.

Sai gargaɗi. Furen tumfafiya yana da kyau, amma farin ruwan nan nata yana cutar da ido, in kin taɓa ki wanke hannu da sabulu. Zaƙami kuwa guba ne, kada farin furensa ya ruɗe ki, ki bar shi inda kika gan shi. Wardin da kika saya wajen masu fulawa na ado ne kawai, kada ki jefa a shayi, don ana yi masa feshin maganin ƙwari. Kuma ki nemi izini kafin ki tsinki furen katangar mutane. Na ƙarshe, wanda ni na koya da hawaye, ki gaya wa mutanen gidanku abin da kike yi tun kafin su gani su fassara da kansu.

Da na koma makaranta na fara yin katin barka da Sallah da na murnar zagayowar ranar haihuwa, ƙawaye suna saye, har ya zamana sabulu da omo da man shafawa ba na jiran sai an aiko daga gida. Yau ga shi amare suna kawo mini furen da aka riƙe ranar biki in busar musu in sa a firam, wasu kuma katin gayyata suke so da fure na gaske a jiki. Jarin duka bai wuce tsohuwar jarida da gam da yashi ba, sai haƙuri, wanda shi ne ya fi tsada. Duk da yanzu kowa na tura hoton fure ta waya, har gobe ban ga wadda aka miƙa wa na gaske ta ƙi murmushi ba. Ke kuma da wanda aka sa muku rana ya kawo wa wardi, kada ki bar shi a kofin ruwa har ya zube, ki rataye shi tun yana da ƙarfinsa.

Da na girma na waiwaya sai na ga ba furen kaɗai na ɗura a gwangwani ba a shekarar nan. Baƙin cikin rashin Inna ma haka na yi masa. Ba na zancenta da kowa, ba na kuka a gaban kowa, na ƙulle na danne murfi, ina ganin ta haka ne zan riƙe ta ni kaɗai. Wata huɗu kacal ya ruɓe ya koma ƙiyayyar baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba. Na san a cikinku akwai mai irin wannan gwangwani a ƙasan akwati, wata rashin uwa ne, wata rabuwar iyaye, wata saurayin da ya ce zai turo bai turo ba. Don Allah ƙanwata ki sami wata babba da kika yarda da ita, yaya ko goggo ko malama, ki buɗe mata tun da wuri. Ba zai koma yadda yake da ba, amma zai zama abin da za ki iya ajiyewa ki dinga dubawa ba tare da ya cutar da ke ba.

Firam ɗin nan na saman gadona curi ɗaya ne daga cikin huɗun. Ɗaya yana wajen Yayana, ɗaya yana ɗakin Anti. Na huɗun Baba ya aiko a ba shi washegarin daren nan, ya nannaɗe a farar takarda ya sa a aljihun jakarsa ta littattafai, can muka same shi bayan rasuwarsa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana. Wadda ta gwada aikin ta ga ya yi fumfuna kada ta karaya, ta zubar ta sake tsinko wani, ta rubuto ta gaya mana yadda ta ƙare. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.